Shin a Kasuwa Ake Sayen Kofi? Fashin Baƙi Kan Kuɗi da Nasara a Ƙwallon Ƙafa

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim gidan kallon ƙwallo ɗaya ne, rumfar kwano ce da aka kewaye da zana, da bencina a jere, da talabijin biyu a kan teburi, da janareto a bayan katanga wanda mai gidan yake ɗura wa fetur da galan tun kafin magariba. A daren da Manchester City ta doke Inter Milan da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Istanbul, cikin watan Yunin 2023, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai karo na farko a tarihinta, ba a watse ba sai da fetur ya ƙare, kuma gardama ce ta riƙe mutane. Wani tela mai goyon bayan Manchester United, wanda ya ba shekara hamsin baya, ya miƙe yana gyara hula, ya ce: "Ku daina yi mana ihu, yara. Wannan kofin sayen sa aka yi, kamar yadda ake sayen rago a kasuwar Maigatari." Wani saurayi mai sanye da shuɗiyar riga ya rusuna kaɗan, ya ce: "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ai ku ma shekara goma kuna zuwa kasuwar nan da buhun kuɗi, to me ya sa kullum da igiya kuke dawowa?" Aka bushe da dariya, tela ya fice yana tsaki.

Na daɗe ina juya wannan musayar magana a raina, domin kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma babu wanda ya kai ga tushenta. Kafin a shiga cikinta ya kamata a ware wani abu gefe guda. Akwai sayen nasara irin na cin hanci, kamar yadda aka kama Marseille ta Faransa a 1993 da laifin ba wa 'yan wasan Valenciennes kuɗi don su sassauta mata, ko yadda aka jefa Juventus rukuni na biyu a 2006, aka ƙwace mata kofuna biyu, saboda katsalandan a zaɓen alƙalan wasa. Wannan sata ce, kuma ba ita tela yake nufi ba. Abin da yake nufi shi ne attajiri ya zo da dukiyar da ba ƙwallo ce ta tara ta ba, ya kwashi gwanaye daga ko'ina, har ya zamana sauran ƙungiyoyi rakiya kawai suke yi.

Tazarar da ake gani yau tsakanin manyan ƙungiyoyi da ƙanana ba haka take ba a da. A 1967 Celtic ta Sikotilan ta ci kofin Turai da 'yan wasan da dukkansu an haife su a Glasgow ko kewayenta. Steaua ta Romaniya ta ci a 1986, Red Star ta Belgrade ta ci a 1991. Abubuwa biyu ne suka taru suka sauya lamarin a cikin shekarun 1990. Na farko kuɗin talabijin: a 1992 manyan ƙungiyoyin Ingila suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka sayar da haƙƙin nuna wasanninsu kan fam miliyan 304 na shekara biyar, kuma zuwa yarjejeniyar 2016 zuwa 2019 kuɗin nuna wasannin a cikin Birtaniya kaɗai ya haura fam biliyan biyar na shekara uku. Wanda ya biya kuɗin shiga rumfar kallo a ƙauyenmu ya sani cewa wani ɗan kaso na kuɗinsa, ta hannun kamfanin tauraron ɗan'adam, can yake ƙarewa. Na biyu kuma hukuncin da kotun Turai ta yanke a Disambar 1995 a ƙarar wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya inda ya so ba tare da an biya ƙungiyarsa ko sisi ba, ya kuma cire iyakar yawan 'yan ƙasashen Tarayyar Turai da ƙungiya za ta iya sakawa a fili.

Wanda yake son ganin abin da wannan hukunci ya haifar ya dubi Ajax ta Holand. A watan Mayun 1995 ta doke AC Milan ta ɗauki Kofin Zakarun Turai da matasan da akasari ita ta raine su, tare da 'yan Najeriya biyu, Nwankwo Kanu da Finidi George. Cikin shekara biyu gida ya watse: Seedorf ya tafi Italiya, Kanu ya koma Inter, Finidi ya tafi Real Betis, Davids da Reiziger da Kluivert kuwa Milan ɗin da suka doke ce ta ɗebe su kyauta. Tun daga lokacin, ƙungiya ɗaya tak daga wajen Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa ta sake ɗaukar kofin, wato Porto ta Fotugal a 2004, ita ma kafin a share filin bikin Chelsea ta ɗauke mata koci José Mourinho da 'yan bayanta biyu.

Masana tattalin arziki sun bibiyi wannan al'amari da lissafi. Stefan Szymanski, wanda ya yi nazarin asusun ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa, ya gano cewa idan aka ɗauki dogon lokaci, albashin da ƙungiya take biya shi ke bayyana kusan kashi casa'in cikin ɗari na bambancin matsayin da ƙungiyoyi suke ƙarewa a teburi. A lura, albashi ya ce, ba kuɗin sayen ɗan wasa ba, domin ana iya yin wautar sayen gurgun doki da tsada, amma da wuya a daɗe ana biyan babban albashi ga wanda ba ya taɓuka komai, kuma gwani ba ya daɗewa a inda ake biyan sa kaɗan. Wannan ne ya sa kuɗi suka fi tasiri a gasar lig fiye da gasar sili-ɗaya-ƙwale. A wasa guda, ƙwallo tana iya dukan turke sau uku, mai tsaron raga ya tashi da sa'a, ƙaramar ƙungiya ta yi waje da babba. Amma a wasa 38, daga Agusta zuwa Mayu, ga rauni, ga gajiya, ga jan kati, sa'a takan gaji ta koma gefe, sai a koma kan wanda yake da gwani a benci da zai maye gurbin gwanin da ya ji ciwo. Daga 1992 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai kacal suka ɗauki Firimiya.

Idan aka tsaya a nan, tela ya ci gardama, kuma tarihin Chelsea da City yana bayansa. Chelsea ba ta ci lig ba tun 1955, sai da Roman Abramovich ɗan Rasha ya saye ta a 2003 kan kusan fam miliyan 140. Shekara biyu bayan haka ta ɗauki kofin da maki 95, an zura mata ƙwallo 15 kacal a duk kakar, kuma kafin ya sayar da ita a 2022 ta tara Firimiya biyar da Kofin Zakarun Turai biyu. Yawancin magoya bayanta a ƙauyukanmu zamanin Drogba da Essien da Mikel Obi suka shigo, kuma ba su taɓa sanin Chelsea marar kuɗi ba. City kuwa a kakar 1998 zuwa 1999 a rukuni na uku take buga wasa. A Satumbar 2008 Sheikh Mansour na gidan sarautar Abu Dabi ya saye ta, a ranar kuma aka kawo Robinho daga Real Madrid kan fam miliyan 32 da rabi. Ta ci Firimiya a 2012 da ƙwallon nan ta Agüero a mintunan ƙarshe, karon farko tun 1968, sannan ta ƙara bakwai zuwa 2024, huɗu daga ciki a jere. Babu mai hankalin da zai ce wannan sauyi ya faru ne don ruwan birnin Manchester ya canza ɗanɗano.

Sai dai tambayar saurayin tana nan ba a amsa ba. Tun da koci Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, United ta kashe fiye da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa, Pogba kan miliyan 89, Maguire kan miliyan 80, ga Sancho, ga Antony, amma ta ƙare kakar 2024 zuwa 2025 a matsayi na 15. Sababbin masu Chelsea sun zuba kusan fam miliyan 600 a shekararsu ta farko, suka ƙare a na 12. Real Madrid ta tara Figo da Zidane da Ronaldo ɗan Brazil da Beckham, ta sayar da Claude Makélélé, wanda shi ne yake share musu tsakiya ba tare da an tafa masa ba, sai ta yi kaka uku a jere ba ta ɗaga wani babban kofi ba. Na Barcelona ya fi ban tausayi. Ta karɓi Yuro miliyan 222 kuɗin Neymar a 2017, ta watsa su da ƙari a kan Dembélé da Coutinho da Griezmann, sannan a Agustan 2020 Bayern Munich ta lallasa ta da ci 8 da 2, kuma biyu daga cikin ƙwallayen Coutinho ne ya ci, wanda ita Barcelona ta ba Bayern aro. Shekara guda bayan haka ta kasa biyan Messi, ya tafi yana hawaye. To, ina kofin da kuɗi suka saya a nan?

Ni a ganina amsar tana gona, kuma duk wanda ya taɓa noman gero a ƙasar Jigawa ya san ta. Ruwan farko yakan sauka, kowa ya fita ya yi shuka, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, tsiro ya ƙone. Manomi biyu ne maƙwabta, gonarsu iri ɗaya, ƙwazonsu ɗaya, asara ɗaya ta same su. Amma ɗaya yana da ragowar iri a rumbu da kuɗin ƙwadago, idan ruwa ya dawo ya sake shuka, idan ta sake ƙonewa ya sake ta uku. Ɗayan kuwa irin da ya zuba shi ne na ƙarshe, na rance ne ma. Da kaka mai rumbu zai yi girbi, kuma ba ƙarya ba ne idan ya ce guminsa ne, domin ya yi noma, ya yi firi, ya yi maimai, rana ta dake shi. Abin da dukiyarsa ta saya masa shi ne damar sake shuka. Wannan ita ce hajar da kuɗi suke saya a ƙwallo: ikon yin kuskure a tashi, a sake yin wani a tashi, har ranar da za a dace.

A dubi yadda koci Pep Guardiola ya fara a City. A 2016 ya sayo mai tsaron raga Claudio Bravo daga Barcelona, ya kori Joe Hart, sai Bravo ya zama ƙofa a buɗe, kakar ta ƙare ba kofi ko ɗaya. Da ƙaramar ƙungiya ce da ta haƙura da shi har kwantiraginsa ya ƙare. City kuwa ta sayo Ederson kan fam miliyan 35 a bazarar da ta biyo, ta ƙara da 'yan bayan gefe uku, Walker da Mendy da Danilo, kan kuɗin da ya haura fam miliyan 120, kuma a kakar nan ta tara maki 100. Guardiola gwani ne, wanda ya musa wannan son zuciya ne yake damun sa, kuma tsarin da ya kawo ya sauya yadda ake buga ƙwallo har a filayen makarantun firamarenmu, inda yanzu za ka ga mai tsaron gida yana ƙin buga ƙwallo sama, wai shi ma daga baya zai fara. Amma gwanintarsa ta sami rumbun da za ta ɗebi iri sau biyu.

Labarin Paris Saint-Germain ya fi fito da abin fili, saboda tsawonsa. Masu zuba jari na ƙasar Katar sun saye ta a 2011 da buri ɗaya, Kofin Zakarun Turai. Suka kawo Ibrahimović, ba a samu ba. A 2017 Barcelona ta rama ci huɗu da ci 6 da 1, ta fitar da su. Suka sayo Neymar, suka ɗauko Mbappé daga Monaco kan Yuro miliyan 180, suka kai wasan ƙarshe a 2020, Bayern ta doke su. Suka ƙaro Messi a 2021, abin ya ƙara lalacewa, domin mutum uku ne a gaba ba mai komawa ya tare. Koci bayan koci aka sallama. Sai da duk taurarin suka watse, koci Luis Enrique ya haɗa matasa masu gudu da biyayya, sannan a 2025 suka casa Inter da ci 5 da nema a birnin Munich. Masu sharhi da yawa sun ce wannan ya nuna tsari ya fi kuɗi, ni kuwa dariya maganar take ba ni, domin matasan nan, irin su Doué da João Neves da Kvaratskhelia, kowannensu an biya gomman miliyoyin Yuro kafin a same shi. Shekara 14 ƙungiyar ta yi tana shuka tana ƙonewa, kuma ba a taɓa cewa rumbu ya yi ƙasa ba. Ko a ƙarshe hikima ce ta ci kofin, kuɗi ne suka biya kuɗin makarantar da aka koyi hikimar.

Sai a kwatanta da waɗanda suka yi shuka da irin rance. Leeds United ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Turai a 2001, shugabanninta suka ci bashi bisa zaton kowace shekara za su koma gasar su biya; da suka kasa komawa sai aka shiga gwanjon 'yan wasa, ta faɗa rukuni na biyu a 2004, na uku a 2007, kuma sai da ta yi shekara 16 kafin ta sake ganin Firimiya. Portsmouth ta ɗauki kofin FA a 2008 da ƙwallon da Kanu ya ci Cardiff, ranar da aka yi ta murna har a nan, amma albashin da take biya ya fi ƙarfinta; a 2010 ta durƙushe, aka cire mata maki tara, kuma zuwa 2013 tana rukuni na huɗu. Kuskuren da waɗannan suka yi bai kai na United ko na Barcelona girma ba idan aka auna da kuɗi. Bambancin shi ne United za ta iya ƙarewa a na 15 kuma kamfanonin talla su ci gaba da layi a ƙofarta.

Duk wanda ake wannan gardama da shi, daga an matsa masa sai ya ce Leicester. Gaskiya ne, a kakar 2015 zuwa 2016 Leicester City ta ɗauki Firimiya da maki 81 a ƙarƙashin Claudio Ranieri, da Jamie Vardy da aka sayo kan fam miliyan ɗaya daga Fleetwood, da Riyad Mahrez da bai kai rabin miliyan ba, da N'Golo Kanté da bai kai miliyan shida ba. Babu abin da ya fi wannan daɗi a tarihin gasar, ko da yake mai ƙungiyar ma hamshaƙin attajiri ne ɗan ƙasar Tailan. Amma labarin bai ƙare ranar da aka ɗaga kofi ba. Cikin 'yan makonni Chelsea ta ɗauke Kanté kan kusan fam miliyan 32, ta ci lig da shi a kakar da ta biyo. City ta ɗauke Mahrez a 2018 kan miliyan 60. Mutanenmu sun bi Leicester sosai a lokacin, saboda Ahmed Musa ya koma can a 2016, Ndidi da Iheanacho suka biyo baya, don haka mun ga yadda ta yi ta fafutukar maye gurbi, ta dace a wasu, har ta ci kofin FA a 2021, sannan ta yi saye biyu ko uku da ba su karɓe ta ba, ta faɗi daga gasar a 2023. Haka aka yi wa Monaco bayan ta ci lig ɗin Faransa a 2017, haka aka yi wa Ajax bayan ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Turai a 2019, haka aka yi wa Bayer Leverkusen, wadda ta katse wa Bayern jerin kofuna 11 a 2024 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, da Victor Boniface a gaba, amma a 2025 kocinta ya tafi Madrid, Wirtz da Frimpong suka tafi Liverpool, Tah ya koma Bayern ɗin. Wato bayan damar sake shuka, mai kuɗi yana kuma iya jiran gonar maƙwabci ta nuna, ya saye amfanin tun yana tsaye.

Inda na rabu da tela shi ne zatonsa cewa ƙungiyarsa tsarkakakka ce. Magoya bayan United sukan yi tinƙaho da yaran da Ferguson ya raina, su Giggs da Scholes da Beckham, kuma haƙƙinsu ne. Amma Ferguson ɗin nan ya karya tarihin tsadar ɗan wasa a Birtaniya da Roy Keane a 1993, da Andy Cole a 1995, da Verón a 2001, da Rio Ferdinand a 2002, kuma daga Leeds da bashi ya shaƙe ya ɗauko Ferdinand. Juventus tana hannun iyalan Agnelli masu kamfanin Fiat tun 1923. Real Madrid ta kawo Di Stéfano a 1953, ta ci kofin Turai biyar a jere. Bayern ta ga Dortmund ta fara yi mata barazana, sai ta ɗauke Götze a 2013 da Lewandowski a 2014. Kuɗin waɗannan ƙungiyoyi sun tsufa ne kawai, har an manta da asalinsu, ana ce musu tarihi. Ina yarda akwai bambanci tsakanin kuɗin da ƙungiya ta samu daga magoya bayanta da tallace-tallacenta, da kuɗin da aka kwaso daga rijiyar mai ta wata ƙasa, musamman idan ana zargin ƙasar tana wanke sunanta ne da ƙwallo. Amma ga ƙaramar ƙungiyar da aka ɗauke wa gwani, ba ruwanta da ko daga wace rijiya aka ɗebo kuɗin.

Dokokin da aka kafa don rage wannan tazara su ma da biyu suke. Hukumar ƙwallon Turai ta fara aiki da dokar daidaita kashe kuɗi a 2011, wadda ta ce kada ƙungiya ta kashe abin da ya zarce kuɗin shigarta sosai, Firimiya kuma ta taƙaita asara zuwa fam miliyan 105 a shekara uku. A kan wannan aka cire wa Everton maki a kakar 2023 zuwa 2024, aka cire wa Nottingham Forest huɗu. City kuwa hukumar Turai ta dakatar da ita shekara biyu a 2020 bisa zargin kumbura kuɗin talla, kotun wasanni ta duniya ta soke dakatarwar, sannan a Fabrairun 2023 Firimiya ta gabatar da tuhuma 115 a kanta, ƙungiyar kuma ta musanta dukkansu. Manufar dokar mai kyau ce, tana hana irin abin da ya sami Leeds da Portsmouth. Sai dai idan aka ce kowa ya kashe daidai abin da yake samu, an ce ke nan mai samu da yawa ya dawwama a sama, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Newcastle, wadda asusun zuba jarin Saudiyya ya saya a 2021, ta fi kowa attajiran masu gida, amma ta iske an rufe ƙofar da Chelsea da City suka shiga. Sai a 2025 ta ci kofin Carabao, kofinta na gida na farko cikin shekara 70.

A nan gida ma haka zancen yake, sai dai attajirin gwamnati ce. Enyimba ta ci Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004 lokacin da gwamnan jihar Abiya, Orji Uzor Kalu, ya ɗauki ƙungiyar tamkar 'yar cikinsa. Kano Pillars ta ci lig a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, ta ci uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha ana "Sai Masu Gida" ya san gumi aka zubar, amma ya kuma san cewa kuɗin jihar Kano ne suka riƙe gwanayen ba su gudu ba.

Mafi kusa da na gani da idona kuwa a gasar da ake yi tsakanin ƙauyukan yankinmu bayan girbi ne. Wani Alhaji mai dillancin riɗi ya ɗauki nauyin ƙungiyarmu, ya aika mota birnin Kano aka kwaso sojojin haya shida, masu takalma masu ƙyalli da gashi a murɗe. Ba su san yashin filinmu ba, ba su ma san sunayen yaranmu ba, sai "kai, mai lamba bakwai" suke kira. A wasan kusa da na ƙarshe maƙwabtanmu, waɗanda rabinsu ba takalmi, suka riƙe su canjaras, suka fitar da mu a bugun fenariti, mai tsaron ragarsu ya kaɗe biyu. An yi mako ana yi mana waƙa a kasuwa, har tela ya ce ga shi nan, Allah ba ya barci. Alhaji bai ce uffan ba. Da shekara ta zagayo bai aika Kano ba. Ya kira wannan mai tsaron raga ya ba shi aikin awo a shagonsa, ya saya wa ɗan gabansu babur na haya, duka biyun suka dawo ƙauyenmu da zama. Ya ɗauko wani malamin motsa jiki na sakandare ya riƙa horar da yaran mako shida, safe da yamma, ga shayi da burodi bayan atisaye. Na gan su da asuba suna gudu a kan hanyar rafi cikin hunturu, wasu har amai suke yi don wahala, kuma a wasan ƙarshe ɗan bayanmu ya buga minti talatin da tsagaggen gira, jini yana zuba a rigarsa, ya ƙi fita. Muka ci biyu da ɗaya. Maƙwabtan namu tun a zagayen farko aka cire su, domin yaron da suka saka a raga bai taɓa tsaron gida ba.

Kofin yana nan a shagon Alhaji, a kan kanta, tsakanin sikeli da littafin bashi, kuma mai tsaron ragar ne yake goge masa ƙura duk safiya kafin ya fara auna riɗi. Ranar kasuwa mutanen ƙauyensu sukan kawo nasu riɗin wurinsa, su gaisa, ya tambaye su mutanen gida, ya auna, ya rubuta.